Abin da Ya Sa Na Hana Ki Komawa Bakin Teku

Babban Duhu,
Safana.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawunki Sale da iyalinsa duka. Allah ya tsare ku, ya tsare Batsari da hanyoyinta, ya kare mu daga abin da muke tsoro da wanda ba mu ma san da shi ba.

Babanki ya dawo jiya ya faɗa mini abin da kika ce. Wai kayanki na ɗaure a gidan Kawu, motar kudu za ta tashi ranar Alhamis, amma ba za ki sa ƙafa cikinta ba sai na ce na yarda. Ya ce hutun da aka ba ku bayan horon bautar ƙasa ya kusa ƙarewa, kuma idan ba ki koma ba za a sa ki cikin waɗanda suka gudu, takardarki ba za ta fito ba. Da ya gama faɗa sai ya ɗauki butarsa ya fita, ya bar ni da maganar.

Na san kin yi mamaki. Ban taɓa tsayawa tsakaninki da karatu ba, tun daga firamare har kika gama. Amma ran da kika dawo kina ba mu labarin makarantar da aka tura ki koyarwa, kika ce tana bakin teku, wasu ɗaliban ma a kwale-kwale suke zuwa, sai na ce ban yarda ki koma ba, na shige ɗaki. Ba ki tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Yau kwana tara. Ke ce ta fari, kin san bakina ba ya iya doguwar magana da ke ido da ido. Shi ya sa na karɓi biro da takarda wurin Babanki. Ki yi haƙuri da rubutun, na daɗe ban riƙe biro ba.

Kin san na yi ƙuruciyata a kudu, amma iyakar abin da kika sani ke nan, domin duk sanda kika tambaya sai in aike ki. Yau zan faɗa miki.

Ina shekara bakwai Kakanki, Allah ya jiƙansa, ya kwashe mu daga Yasore. Fataucin bandar kifi yake yi. Yakan sauka kudu da albasa da busasshen barkono ya hauro da kifi, har ya ga gara ya zauna can yana saye daga hannun masu banda yana aikowa. Kwana uku muka yi a bayan babbar mota, a kan buhuna. Ƙauyen da muka sauka ɗan siriri ne, tsakanin ruwa biyu. Ta gabansa teku, ta bayansa kuma wani ruwa kwantacce kamar tafki, wanda sai an haye shi da kwale-kwale kafin a kai bakin titi. Gidajen na ganyen kwakwa ne. Mu Hausawa gida shida ne a ƙarshen gari, da ɗan masallacinmu da iskar gishiri take cinye kwanonsa duk bayan 'yan shekaru.

Abin da ya fara damun mu ƙarar ruwan. Ba ta tsayawa. Kakarki ta yi sati tana zabura tana kwashe shanya, wai hadari ya taso, sai ta ɗaga kai ta ga rana tsaye. Daga baya muka saba, har muka daina ji. Kada ki ɗauka wahala kawai na sha a can. Na ga maza da mata sun yi layi a kan yashi suna jan taru suna waƙa tun hantsi, in an fito da shi kowane yaro sai an cika masa hannu da ƙananan kifi. Na bi ƙaguwa da gudu har raminta. Na sha ruwan ɗanyar kwakwa har ya gundure ni. A can aka haifi Antinki Kulu, shekara ɗaya da zuwanmu. Amma ba don in ba ki labarin daɗi na zauna rubutu ba.

Kuskurena na farko a kan rigar Kakanki ne. A Yasore idan an yi wanki a bakin tafki, sai a shanya a nan kusa a tafi, domin ruwa yana nan inda aka bar shi har sai damina ta zo. Haka na sani. Ina shekara tara aka ba ni babbar rigarsa ta Juma'a in kai shanya, na ga wani kututturen kwakwa kwance can ƙasa, rana ta gasa shi, tsakaninsa da ruwa akwai tazara mai yawa. Na shimfiɗa rigar a kai na danne ta da ɓawon kwakwa na koma gida. Da na dawo bayan azahar ban ga riga ba, ban ga kututturen ba. Ruwa ne shimfiɗe a wurin. Na sha ganin teku yana ja da baya yana dawowa, amma ban taɓa tambayar kowa ba, don kada a ce ban sani ba.

Kakanki ya ce, "Binta, ina rigar?"

Na sunkuyar da kai. Wata maƙwabciyarmu ta ce ai ta ga mai bandar nan ta bi ta wajen da kwando. Na ji, na san ba haka ba ne, na yi shiru. Mai bandar nan daga hannunta Kakanki yake sayen kifi, sai ya daina. Tana da ɗiya sa'ata, sunanta ya yi wa bakinmu nauyi, muna ce mata Lami don ran Alhamis aka haife ta. Bayan kwana huɗu sai ga uwar Lami har tsakar gidanmu, hannunta a ƙugu, da 'yar Hausar da ta tsinta wurin ciniki.

"Alhaji, ni ba ɓarawo. Ruwa ne ɓarawo. Tambaya yarinya ina ya sa riga."

Sai a lokacin na faɗa, ina kuka. Na ɗauka za ta mare ni. Sai ta kama hannuna ta ja ni har bakin teku, ta nuna mini wani layin ciyayi da tarkace da ruwa ya bari a kan yashi, ya miƙe har iyakar ganina. Ta taka sama da layin ta ce, "Nan naka." Ta taka ƙasa da shi ta ce, "Nan nasa."

Ummi, duk inda kika je baƙuwa ce ke, kuma baƙo ba ya jin kunyar rashin sani. Ki tambaya. Idan kuma kika yi ɓarna, ki faɗa da bakinki tun kafin a ɗora wa wani. Shirun da na yi na kwana huɗu ya sa an kira matar kirki ɓarauniya a garinsu, gaban danginta.

Kuskure na biyu ya fi wannan daɗewa, domin shekaru na yi ina yin sa. Bayan maganar riga ni da Lami muka zama ƙawaye. Ta koyi Hausa a bakina har ta fi uwarta nesa, ni kuwa ban koyi yarensu ba sai gaisuwa. A ruwan bayan gari akwai wani lungu da itatuwa suka rufe, wurin wankan mata ne, namiji ba ya zuwa. A nan 'yan matan garin suke koyon iyo tun suna ƙanana. Lami ta yi ta jana.

"Zo mana, Binta. Zan riƙe ki ta ciki, ba zan sake ki ba."

"Ni ba na so."

"Ke kaza ce?"

"Eh, na ji."

"Kaza ma ta fi ki. Ita in ta faɗa ruwa tana ihu."

Kakarki ba ta hana ni ba. Cewa ta yi, "Je ki mana, ai mata ne zalla." Ni ce na ƙi. Ina tsoron in shiga in yi ta fafutuka su yi mini dariya. Akwai kuma wani abu da ban so in rubuta ba, amma gaskiya ce. A gidajenmu shida ana yi wa mutanen garin wani kallo, wai mu mun fi su sutura da tsabta da natsuwa. Na ɗauki wannan na sa a kaina. Sai in zauna a bakin ruwa da mayafina ina tsare musu kaya, ina jin kamar na fi su, alhali tsoro ne kawai yake cina. Shekara biyar ina zama a wannan wurin, ƙafata kaɗai ke taɓa ruwa.

Ki riƙe addininki da suturarki, wannan ba sai na faɗa miki ba. Amma kada ki raina mutanen da kika tarar. Su suka san ƙasarsu. Abin da suka ce ki koya, in bai saɓa wa Allah ba, ki koya, ko da za a yi miki dariya sati guda.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na shige ɗaki ran nan. Na ajiye biron nan sau biyu kafin in fara.

Ina shekara sha huɗu, Kulu tana shida. A ƙarshen gari, inda ruwan baya yake haɗuwa da teku, akwai wani tudun yashi da yake fitowa idan ruwa ya ja. Ana takawa a je, ruwan bai wuce idon sawu ba. A kansa ake samun ƙananan katantanwa masu santsi, farare da ja-ja, waɗanda muke 'yar carafke da su. Kulu ta dame ni sai na kai ta. Ran wata Alhamis da hantsi, babu makarantar allo, na kama hannunta muka tafi, ban faɗa wa kowa ba. A lokacin na san ruwa yana dawowa, ina ganin na san komai. Abin da ban sani ba, wanda kowane yaron garin ya sani, shi ne idan wata ya cika ruwan yakan ja da nisa, ya kuma dawo da sauri da ƙarfi fiye da kullum. Ranar sha huɗu ga wata ne. Da na taɓa tambayar Lami sau ɗaya, da ta faɗa mini.

Muka duƙufa muna tsinta muna zubawa a gefen zanena. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Kulu ce ta ce, "Yaya, hanyarmu ta tafi."

Na waiga. Inda muka tako ya zama rafi mai gudu. Tudun da muke kai yana raguwa ta kowane gefe.

Ki saurara da kyau a nan. A kan gaɓa akwai maza kusan goma zaune suna gyaran taru. Nisanmu da su bai fi daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci ba. Ina ganin bayansu, ina jin dariyarsu idan iska ta kawo. Kira ɗaya ya isa. A lokacin ruwan bai kai gwiwar babban mutum ba, da ɗayansu ya tako ya ɗauke mu kamar 'yan tsaki.

Ban kira ba. Na buɗe baki, sai na tuna ni budurwa ce, su kuma maza ne, ko riga babu a jikinsu. Ban taɓa ɗaga murya gaban namiji ba tun da aka haife ni, kuma kullum a kan haka ake yabona. Na tuna za su yi dariya. Na tuna labari zai kai kunnen Kakanki. Na ce a raina bari in ɗan jira, wataƙila wani ya waigo da kansa. Ina tsaye ina jira, ruwa yana hawa.

Kulu ta fara kuka da ƙarfi. Ummi, sai na sa hannu na toshe mata baki. Na ce, "Yi shiru, za su ji mu." Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Babanki, sai yau da safe.

Da ruwa ya rufe tudun ya kai mana ƙauri, sai na goya ta da mayafina na shiga. Taku biyar ruwa ya kai mini ƙugu, taku goma ya kai ƙirji. Yashin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata kamar ana janye tabarma. Wata igiya ta zo ta gefe ta kayar da ni. Da na ɗago ina tari, bayana babu nauyi. Goyon ya kwance.

Lami ce ta hango mu. Tana tafe da kwanon kifi a ka, ta yar da shi ta ƙwala ihun da har cikin gari aka ji. Ita ta iso gare ni, ta kama kitsona ta ja ni kamar akuya. Ƙanen baban Lami ya nutsa sau biyu kafin ya fito da Kulu. Suka kifa ta a kan yashi suna danna bayanta, ina kallo, ba ta motsi. Ban san ko minti nawa ba ne. Daga baya ta amayar da ruwa ta yi wani ɗan kuka.

Lami ta tsaya a kaina. Ba ta zage ni ba. Cewa take ta yi, "Muna nan, Binta. Ga mu nan kusa. Me ya sa?" Tana faɗa tana kuka don haushi.

Kulu ta yi sati biyu tana zazzaɓi, kunnenta na hagu yana zubar da ruwa. Da ta tashi, kunnen bai tashi ba. Kin girma kina ganin Antinki tana juyo miki da gefen dama idan kina magana, an ce miki ciwon ƙuruciya ne. To ni ce ciwon.

Kakanki ya tambaye ni sau ɗaya, "Me ya hana ki kira?" Kafin in ce wani abu, maƙwabciyar nan tamu ta ce, "Haba Alhaji, ka san Binta da kunya." Aka bar maganar a nan. Ni ma na karɓi wannan amsar na rufe kaina da ita shekara talatin da wani abu.

Ummi, kunya ado ce, ni na koya miki, kuma ban janye ba. Amma wadda na yi ranar ba kunya ba ce. Na fifita yadda za a gan ni a kan ran ƙanwata. Idan kina cikin haɗari, ko wani yana ciki a gabanki, ki ɗaga murya. Ko gaban wa. Ko ɗankwalinki zai faɗi. Allah bai ce ki mutu don kada a ji sautinki ba.

Akwai wani ƙaramin kuskure da ya biyo baya, wanda har yau yake sukata. Shekara ɗaya bayan haka Kakanki ya fara ciwo, ya ce gida zai koma. Tun ranar tudun yashi nake guje wa Lami, domin ba na iya haɗa ido da ita. Ran da za mu tafi ta zo bakin ruwa inda ake shiga kwale-kwale, ta tsaya. Na ja mayafi na rufe fuska kamar rana ce ta dame ni. Ban ce mata na gode ba. Ban ce sai wata rana ba. Yanzu ban san ko tana raye ba, ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba, balle in sa a nemo ta. Duk wanda ya yi miki alheri a can, ki gode masa a ranar, da baki, ki kuma riƙe sunansa yadda iyayensa suka sa masa.

Kuskurena na ƙarshe ke ce na yi wa. Na dawo gida na yi aure na haife ki, sai na rene ki yadda aka rene ni. Idan baƙi suka ce, "Kai, ɗiyar nan taki ba a jin bakinta," sai in ji daɗi. Kin tuna kina aji biyu a makarantar kwana, kika yi sati uku kina ciwon ciki ba ki faɗa wa kowa ba, sai da kika faɗi a wurin taron safe? Da muka zo asibiti na ce me ya hana ki faɗa, kika ce, "Inna, ban so in dami mutane ba." Malamarku ta ce yarinya ce mai haƙuri. Ni kuwa sai da na fita waje na dafa bango, domin muryata na ji a bakinki. Duk da haka ban zaunar da ke ba. Na dawo da ke gida na dama miki kunu, na yi shiru.

To kin ga abin da nake tsoro. Kwana taran nan ina rufe ido sai in gan ki cikin kwale-kwalen da aka cika fiye da kima, kin ga ruwa yana shigowa ta gefe, kin duba fuskokin mutane, kin ce bari in ɗan jira. Ko ɗakin da aka ba ki ƙofarsa ba ta kulluwa, kin kasa faɗa wa shugaban makaranta. Ko wani yana takura miki, kin bar shi a cikinki. Na san za ki yi haka domin ni na koya miki. Har wannan zaman da kike yi a gidan Kawu, kin ɗaure kaya kina jira, ba ki zo kin ce mini "Inna, don me?" ba.

Yau da safe sai ga Antinki Kulu daga Runka a kan babur, zanenta duk laka. Babanki ne ya kira ta, na gane daga baya. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta fara, kin san muryarta.

"Yaya, wai ke ce kika tsare yarinya?"

"Sauke murya, Kulu, maƙwabta na ji."

"Su ji mana. Ni ba na jin kaina, sai ku yi haƙuri. Dawo ta damana ki faɗa mini abin da teku ya yi miki."

Na koma ta damanta na zauna. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina faɗa mata komai, har toshe bakin. Ina gamawa na kasa ɗaga kai. Ta ɗauki kofin kunun da na ba ta ta kurɓa.

"Ina tune," in ji ta. "Hannunki warin kifi yake."

"Kina tune?"

"Shekara shida gare ni, Yaya, ba wata shida ba."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ke kin taɓa tambaya? Gidanmu ai kowa gwani ne." Ta yi dariya, ni na kasa. Sai ta ajiye kofin. "Na yafe miki tun kafin in san ana yafewa. Goya ni kika yi kika shiga, ba gudu kika yi kika bar ni ba, wannan ma ina tune. Amma ki bar yarinya ta tafi. Yanzu na biyo hanyar nan, mai babur bai bar salati ba har muka iso, ko tsuntsu ya tashi a daji sai ya ƙara wuta. Gonar mijinki ta bayan dutse damina nawa ba a taka ta ba saboda 'yan bindiga? Nan ɗin ne kike ganin kin ɓoye Ummi? Ni an fito da ni tun ranar. Ke ce har yau ba ki fito ba, kuma kina nema ki ja Ummi ku tsaya tare."

Ta ci tuwo ta yi azahar ta koma tun da sauran rana, saboda hanya. Ni kuma na zauna na fara wannan takarda.

Ba zan yi miki ƙarya in ce tsoron ya tafi ba. Yana nan. Amma na gane idan na riƙe ki, na sake sa hannu na toshe bakin wata ke nan don in ji sanyi a raina.

Na yarda, Ummi. Ki hau motar ranar Alhamis. Allah ya yi miki albarka.

Ga abin da nake roƙonki. Ku tashi da rana tsaye, kada ki yarda da motar da za ta bar Batsari da yamma. Idan kin isa, a satin farko ki nemi wata dattijuwa a garin, ki gaishe ta da kyau, ki ce mata ke 'yar tudu ce ba ki san ruwa ba, ta nuna miki lokacin da yake ja da lokacin da yake dawowa, da inda ba a takawa. Idan akwai rigar kariya da ake ba fasinjan kwale-kwale, ki sa ta a kan hijabinki ko ke kaɗai ce kika sa. Idan kika ga an cika jirgi, ki ce a sauke ki, ki bari su yi ta gunaguni. Idan akwai wurin da mata suke koyon iyo, ki je, ki shiga, ki bar wata ta tsare miki kaya.

Sai abu ɗaya da ya rage, shi ne sharaɗina. Duk ranar Juma'a zan karɓi wayar Babanki in kira ki da kaina. Zan ce kina lafiya, za ki ce lafiya lau, domin haka ake gaisuwa. Zan bari mu gama, mu tambayi aiki da gajiya da mutanen gida. Daga nan zan sake tambayarki sau na biyu. Wannan ta biyun ba gaisuwa ba ce. Ki faɗa mini gaskiya, ko ciwon kai ne, ko kewa, ko abin da kike ganin bai kai a faɗa ba. Ni ma idan kika tambaye ni sau biyu, zan faɗa miki. Ban iya ba, ke ma ba ki iya ba, sai mu koya.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a tudu da ruwa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki bakin neman taimako da kunnen jin mai nema. Ya dawo mana da ke cikin aminci, ya sa ki tarar da mu da garinmu lafiya. Ki gaishe da Kawunki da Maman yara. Babanki zai kawo miki wannan gobe da safe, tare da ƙullin kuka da daddawa, don can ba za ki samu irin tamu ba.

Wassalam.

Innarki.